Binciken Kwal: Haƙƙin Jami'a da na Kamfani

Idan kamfani ya ba jami'a kwangilar binciken kwal, irin wanda aka gano a Inugu cikin 1909, har aka ƙago sabuwar dabara, to, ta wa ce? Bisa dokar ƙasa ta 1970, haƙƙin mallakarta na wanda ya ba da kwangilar ne. Saboda haka wajibi ne jami'a ta daidaita da kamfani tun kafin a soma aiki. Suna iya yarda jami'a ta riƙe takardar mallaka, wadda wa'adinta shekara 20 ne, kamfani kuwa ya karɓi lasin amfani da dabarar, yana biyan kamasho. Lalle ne a rubuta yarjejeniyar lasin, a yi mata rajista. In ba haka ba, ba ta hawa kan wanda ba ya cikinta.