Gasar Ƙwallon Cikin Zaure ta Birnin Vienna

Idan hunturu ya kankama a Ostiriya, ƙanƙara kan rufe filaye, wasannin lig su tsaya cak. Wannan giɓin aka cike da gasar cikin zaure ta Vienna, wadda aka fara a 1959 a katafaren zauren Wiener Stadthalle, shekara guda da buɗe shi.

An saba buga ta daga Kirsimeti zuwa farkon Janairu, a kan daɓen katako mai sulɓi, kewaye da allunan da ƙwallo ke bugu ta dawo. A nan ƙarfi ba ya aiki, sai gwanintar ƙafa. Shi ya sa gwanin ɗan wasa Herbert Prohaska ya gagara, ƙungiyarsa Austria Wien kuma ta fi kowa ɗaukar kofin. Abin takaici, rabon da a buga gasar tun 2009.