Canjin Makamashi: Ina Rabon Mutanen Sakaba?

Makamashi shi ne abin da ke ba da wuta da ƙarfi, kamar itace, gawayi, fetur da lantarki. Hayaƙin fetur da na gawayi yana taruwa a sama, yana ƙara wa duniya zafi. Wannan yana rikita damina, bana fari, baɗi ambaliya.

A shekarar 2021, a wani taron ƙasashen duniya a Birtaniya, Shugaba Buhari ya yi alkawari. Ya ce zuwa 2060 Nijeriya za ta rage hayaƙinta ƙwarai.

Gardamar ita ce, wa zai biya? Ƙasashe masu arziki su suka fi fitar da hayaƙi, don haka Nijeriya ta ce su kawo gudummawa. Kowa ya ci ladan kuturu, ai ya yi masa aski.

Maganar ta shafi Sakaba. Da aka janye tallafin fetur a 2023, mai injin niƙa da mai ban-ruwa sun ji a jikinsu. Injin sola ba ya shan mai, sai dai sayensa da tsada.

Saboda haka manoma da mata su kafa ƙungiyoyi. Su je sakatariya a Dirin Daji, su nemi rance da rijiyar sola. Su kuma daina sare kaɗanya da ɗorawa don gawayi.