Tiyon Katafila: Yadda Ake Gyaransa

Duk ƙarfin da katafila ke nunawa wajen haƙa da ɗaga ƙasa, mai ne ke kai mata shi. Famfo yana tura man haidirolik ta cikin tiyo zuwa silinda, kuma a manyan injunan haƙa matsin yakan kai 300 zuwa 350 a ma'aunin bar. Iskar tayar ƙaramar mota kuwa bar 2 ce da ɗoriya. Shi ya sa tiyon ba roba ba ce zalla: akwai roba a ciki, sai saƙar wayar ƙarfe ɗaya ko biyu, ko naɗin waya huɗu har shida, sannan wata robar a waje.

Irin wannan tiyo ba a yi masa faci. Wanda ya naɗe shi da tsohon tib da waya don aiki ya ci gaba, ya saka ransa da na abokan aikinsa cikin haɗari. Gyara na gaskiya shi ne a haɗa sabo.

Kafin a taɓa sifana, sai a sauke bokitin ƙasa, a kashe inji, a saki matsin da ya rage a layi. Kada a taɓa neman wurin yoyo da hannu. Kwali ake karawa. Man da ke tsartuwa ta hudar da ba ta fi bakin allura ba yana iya huda fata ya shiga nama. Ciwon yakan yi kamar ba komai, alhali yana bukatar tiyata cikin sa'o'i kaɗan, in ba haka ba a rasa yatsa ko hannu.

Bakanike zai karanta rubutun jikin tsohon tiyon, kamar SAE 100R2 ko 100R12, ya auna tsawo, ya gane irin zaren bakinsa, domin JIC da BSP ba sa shiga juna. Sai ya yanka sabo, ya sa bakin ƙarfe, injin matsewa ya danne shi daidai awon da kamfani ya ƙayyade.

Inda aka fi sakaci shi ne tsafta. Garin roba da waya da yanka ya bari, ko ƙurar hunturu, suna cinye famfon da kuɗinsa ya ninka na tiyo nesa ba kusa ba. Don haka a share cikinsa, a toshe bakunansa har lokacin ɗaurawa. Wajen ɗaurawa kuma kada ya murɗe ko ya goga da ƙarfe, a bar masa ɗan sarari, domin yakan ɗan tsuke idan mai ya cika shi.