Masu Kashe Wutar Fitina a Kaduna

Duk wanda ya san garin Kaduna kafin tarzomar watan Fabrairu na 2000, ya kuma koma ya gan shi bayanta, ya shaida yadda kogin da ya ratsa garin ya zama iyaka tsakanin al'umma biyu, domin galibin Musulmi sun tattara sun koma arewacinsa, Kirista kuma sun yi kudu, har aka wayi gari maƙwabtan da suka yi shekara da shekaru suna aika wa juna abincin salla da na Kirsimeti ba sa iya kwana a unguwa ɗaya. A irin wannan hali ne ƙimar 'yan sa kai na cibiyar sulhu tsakanin mabiya addinai ta bayyana.

Mutum biyu ne suka assasa cibiyar, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda kowannensu ya jagoranci samarin ɓangarensa a rikicin da ya faro daga Zangon Kataf a 1992, inda Faston ya rasa hannunsa na dama, Imam kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 Allah ya haɗa su, kuma bayan doguwar mujahada da zukatansu suka yafi juna. Da hannunsu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna ta Agustan 2002, haka nan a sulhun Yelwa da Shendam a Jihar Filato a 2005.

Amma ni ba shugabannin ne suka fi ɗaukar hankalina ba, sai waɗanda ba a jin sunansu: tela, da malamar makaranta, da ɗan acaɓa, waɗanda aka koya musu gane alamun fitina tun tana hayaƙi. Idan jita-jita ta tashi a kasuwa cewa an kashe wani a ƙetaren gada, ɗan sa kai ba ya gaskatawa, ba ya ƙaryatawa, sai ya buga waya ga takwaransa na wancan addinin da ke zaune a can ya tabbatar, sa'an nan ya sanar da mai unguwa da liman da fasto da 'yan sanda, tun kafin samari su ɗebo makamai. Wannan kuwa shi ne bin diddigin labari da shari'a ta wajabta, kuma a ganina farilla ce ta kifaya, wadda in wasu suka tsaya da ita sun ɗauke wa sauran jama'a.

Aikin yana da ɗaci. Mutanen ɗan sa kai kan kira shi munafuki, waɗancan kuma su ɗauke shi ɗan leƙen asiri, jarinsa kuwa bai wuce amana ba. Wani lokaci ma wutar takan fi ƙarfinsa, kamar yadda rikicin gasar sarauniyar kyau ya ɓarke a Nuwamban 2002, wata uku kacal bayan sa hannu a yarjejeniyar.

Abin da ya fi nauyi shi ne haƙƙi. Matar da aka kashe mijinta aka ƙone shagonsa, tana kuma ganin wanda ya aikata yana yawo a gari, ba za a ce mata ta yi haƙuri a tsaya nan ba. Dole a raka ta gaban hukuma, a nema mata diyya, a bi maganar marayunta, alhali rahotannin kwamitocin bincike da dama da aka kafa bayan irin waɗannan tarzomomi suna nan a ajiye ba a zartar da su ba.