Ungozoma da matan baƙar fata na Amurka a zamanin korona

Amurka ƙasa ce mai arziki, mai manyan gidajen likita. Duk da haka, haifuwa a can ba ta zama daidai ga kowace mace ba. Cutar korona, wadda ta bazu a duniya a shekara ta 2020, ta fito da wannan bambanci a fili.

Ga lissafin da hukumar lafiya ta ƙasar ta bayar. A 2019, cikin kowace haifuwa 100.000, mata baƙar fata 44 suka rasa ransu. A 2021 adadin ya kai kusan 70, alhali na fararen fata bai kai 27 ba. Ashe ciwon ya riga korona zuwa; annoba ta ƙara masa zafi ne kawai.

Lokacin da cutar ta yi tsanani a birnin New York, cikin watan Maris na 2020, waɗansu gidajen likita suka hana miji ko ɗan'uwa shiga wajen mai naƙuda. Sai da gwamnan jahar ya ba da umurni a bar mutum guda ya tsaya mata. Mace baƙar fata, wadda dama sau da yawa ba a saurarar kukanta in ta ce jikinta ba daidai ba, ta fi kowa jin wannan kaɗaici. Shi ya sa mata da dama suka koma neman ungozoma. A 2020, haifuwar gida a tsakanin baƙar fata ta ƙaru da kashi 36 bisa ɗari.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a wurinsu. A kudancin ƙasar, tun zamanin bauta, tsofaffin mata baƙar fata ne ke karɓar haifuwa. Margaret Charles Smith, ta jahar Alabama, ta karɓi jarirai sama da 3.000, kafin dokar jahar ta 1976 ta rufe ma irinsu hanya. A 2020 kuma, makarantar ungozomai da Jennie Joseph ta kafa a Florida ta samu amincewar hukuma, ita ce ta farko mallakar baƙar fata.

Amfanin ungozoma bai ƙare ranar haifuwa ba. Binciken da aka yi kan shekarun 2017 zuwa 2019 ya nuna fiye da rabin matan da suka rasu sun rasu ne bayan mako guda da sauka, kuma kashi 80 bisa ɗari na mace-macen ana iya hana su. Hawan jini da ciwon zuciya kan biyo mai jego har gida. Saboda haka, a 2021 gwamnati ta ba jahohi damar tsawaita kulawar mai jego marar hali daga kwana 60 zuwa shekara guda.

Darasin a bayyane yake: mai jego na bukatar wanda zai auna ta, ya saurare ta, ya kuma komo ya duba ta.