Taswirar Jibiya a Hannun Yaran Firamare

Sanin kowa ne cewa ɗan firamare a Jibiya zai iya jero maka nahiyoyin duniya da ka, amma da wuya ya iya zana hanyar da ta tashi daga Katsina ta ratsa Magama ta shiga Ɗan Isa, kafin ta kai Maraɗi. Ga shi kuwa darasin labarin ƙasa na kwance a ƙofar ajinsa.

Wayar salula guda mai Google Earth ta isa somawa. Malami ya raba aji rukuni-rukuni: wasu su bi gulbin Gada daga madatsar ruwan Jibiya, su ga yadda ya tsallaka Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, sannan ya komo Nijeriya ya haɗu da Rima. Wasu su bi layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021. Wasu kuma su nemo layin iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908. Daga nan kowane rukuni ya zana abin da ya gani a allo, saura su gyara masa.

Amfanin wannan ya wuce cin jarrabawa. Ambaliyar Yulin 2018 ta hallaka mutane da dama a Jibiya. Yaron da ya ga inda ruwa ke gangarowa a taswira zai fahimci dalilin hana gini a bakin gulbi.

Saboda haka, ya kamata Hukumar Ilmin Bai-Ɗaya ta Jihar Katsina ta fara da horar da malaman, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.