Ko Kun Sani? Ƙyandar Jamus da Masu Juna Biyu

Ko kun sani cewa a shekarar 1941 ne wani likitan ido na birnin Sidni a ƙasar Ostareliya, Norman Gregg, da ya ga ana ta kawo masa jarirai waɗanda yanar ido ta rufe wa idanu tun daga haihuwa, ya bi diddigin al'amarin, har ya tabbatar cewa daga cikin jarirai 78, uwayen 68 sun yi ƙyandar Jamus a farkon ciki?

Abin tausayi, sau da yawa wannan cuta ba ta nuna wa uwa wata alama face ɗan zazzaɓi da ƙuraje na kwana uku, wani lokaci ma babu ko ɗaya, alhali kuwa tana iya yi wa ji da gani da zuciyar ɗan tayi illa. Saboda haka likitoci ba sa hukunci da zahiri. Jini suke ɗiba, su nemi garkuwa iri biyu: IgM, wadda galibi ke nuna sabon kamu, da IgG, shaidar tsohon kamu ko rigakafi. Ita kuwa allurar rigakafin, wadda aka samu a 1969, kafin ɗaukar ciki ake yin ta, domin ba a yi wa mai juna biyu.